Makarantar da ta hana ni riƙe wa ɗana jaka

Zango biyu ke nan da na sa autana, ɗan shekara huɗu, a wata makarantar nazare da ke bayan layinmu a Tarauni. Maƙwabta sun dame ni da tambayar yaya take, to ga abin da idona ya gani. Karatunsu ba laifi. Amma abin da ya sa har yanzu ban cire shi ba shi ne minti goma sha biyar na farko bayan yaro ya shiga get.

Ranar farko na taho da jakarsa a kafaɗa, gorar ruwa da fulas ɗin abinci a hannu, shi kuwa gogan yana tafe hannu na dukan cinya kamar ɗan sarki. A bakin aji Antinsu ta tare ni da fara'a, ta ce, "Maman yara, miƙa masa kayansa, daga nan shi zai ƙarasa." Sai da raina ya sosu. Na biya kuɗi, kuma a sa min yaro dako?

Na laɓe ta taga. Kowane yaro da maratayinsa a bango, daidai ƙirjinsa, da hoto a sama tunda ba su iya karanta suna ba tukuna. Nasa raƙumi ne. Zai rataye jaka, ya cire takalmi ya jera a kantar takalma, ya kai fulas kan tebur, ya zaro katinsa daga kwando ya soka a allo, alamar ya iso. Sai wanke hannu a bokiti mai famfo da aka ɗora kan ɗan benci. An zana matakan a jere a jikin kwali, kuma Anti ba ta yawan magana. In yaro ya tsallake ɗaya, da yatsa take nuna masa hoton. Satin farko kuka ya sha, har da birgima. Ana shiga sati na uku ya daina waiwayo na ma.

A allon makarantar an rubuta Montessori, kuma kun san yadda sunan nan ya zama ado a Kano, makaranta mai ɗaki uku ma sai ta liƙa shi. Ita Maria Montessori likita ce 'yar Italiya da ta buɗe gidan yara na farko a 1907 a San Lorenzo, unguwar talakawa a birnin Rum, inda ta sa aka yi kujeru da tebura daidai tsayin yara don su yi wa kansu hidima. A wannan ɓangaren dai, waɗannan ba sunan kawai suka ara ba.

Sai dai ina da ƙorafi. Ba su faɗa min wajen rajista cewa takalmi mai manne suke so ba, sai da na sayo mai igiya a Sabon Gari, ya zama asara. Barandar da ake rataye kayan ƙunci gare ta. Da hunturu, kowa da rigar sanyi da hula, turereniya ake yi. Wanda ya fi ci min rai: a zango na biyu sun ɗauki sabuwar mai taimaka wa Anti, ita kuma in lokacin asambuli ya matso sai ta hau fizgar jakunkuna tana ratayewa da kanta don a yi sauri. Na sami shugabar makarantar na faɗa mata. An samu sauƙi, amma ranar Litinin ɗin nan ma na sake ganin ta yi.

Mai son kai ɗansa ya san cewa ƙarfe takwas saura kwata ake rufe get, kuma wanda ya makara shi ne ake yi wa komai a gurguje.

A gida yanzu ya tilasta wa babansa ya kafa masa ƙusa a bayan ƙofa. Jiya Hajiya ta sunkuya za ta sa masa safa ya janye ƙafa, ta kalle ni ta ce, "Wai me kuka yi wa mijin nawa ne, ko taɓa shi ba a yi?"