Meursault da miyan taushe

Shekara huɗu ina girki a wani gidan abinci a birnin Dijon na Faransa, ina kallon ana buɗe wa baƙi kwalbar giyar inabi ta Meursault, sai a Kirsimetin bana na rufe ido na sayi ɗaya, kuɗinta kuwa ya kusa cefanen mako. Na san da yawanku ba ku sha, mu ma a gidanmu sai ranar biki.

Meursault ƙauye ne kudu da Beaune a Faransa, farin ruwan inabinsa kuma da nau'in inabin Chardonnay ake yin sa. Abin da ya kai ni gare shi shi ne gangar: ana barinsa ya kwanta wata da watanni a gangar itacen oak mai cin lita 228, wadda aka babbake cikinta da wuta. Da na tsiyaya, kalarsa kamar man gyaɗa sabon matsa. Na kai hanci, sai ƙamshin soyayyar gyaɗa da man shanu, can ƙasa-ƙasa kuma vanila. A baki yana da jiki, amma akwai ɗan tsamin lemo da ke biyo baya ya wanke harshe.

Kuskurena na farko, daga firij na zuba shi kai tsaye. Sanyin ya rufe masa baki, kamar ruwa. Sai da ya yi minti 20 a kan tebur ya fara magana.

Faransawa da gasasshiyar kaza a miyar kirim suke haɗa shi, ko cukun Comté, kuma sun yi gaskiya. Ni dai miyan taushe na yi, kabewa da gyaɗa, na rage attarugu sosai, na tuƙa tuwon shinkafa. Zaƙin kabewar da maiƙon gyaɗar suka zauna da shi kamar dama can an san juna. Maigidana, da ya ce asarar kuɗi na yi, shi ya ƙara kofi na biyu bai ce uffan ba.

Da kilishin da ƙanwata ta aiko mana daga Jos kuwa, abin bai yi ba ko kaɗan. Yajin ya danne ƙamshin, giyar ta ƙara wa barkonon wuta, sai ɗacin katako ya rage a maƙogwaro. Ragowar rabin kofi na zuba a tukunyar naman kaza washegari.