Sharhi: man goge fuska mai sitiroberi, da abin da na gani a fatata

Robar man goge fuskar da nake amfani da shi ta ƙare, don haka yanzu zan iya faɗin ra'ayina a kansa. A jikinta an zana ɗan itacen sitiroberi ja jawur, an kuma rubuta cewa man yana kawar da kuraje, yana goge tabo, yana sa fata sheƙi. Fatata mai maiƙo ce, musamman goshi da hanci, ga kuma baƙaƙen tabon da kuraje suka bar mini a kumatu. Tabon ne ya sa na saya.

Ƙamshinsa na da daɗi ƙwarai, har yana sa mutum ya ji marmarin wanke fuska. Bayan na ɗauraye, fuskar takan yi laushi, maiƙon ya ragu na wasu awanni, hoda ma ta fi kwanciya. Wannan kuwa aikin ƴan ƙwayoyin da ke cikin man ne, su ke kankare matacciyar fata daga sama, kuma kowane man gogewa mai kyau zai yi hakan. In na dirza da ƙarfi, gefen hancina kan yi ja ya yi zafi, shi ya sa na koma shafawa a hankali ba kullum ba. Wadda kurajenta suke ɗanye, ina ba ta shawara ta bar shi sai sun warke, domin gogewa na fasa su.

Tabo dai yana nan inda yake. Na duba jerin kayan haɗin da ke bayan robar, inda ake fara rubuta abin da ya fi yawa, sai na tarar ruwan sitiroberin yana can ƙasa kusa da turare da launi. Ke nan ɗan kaɗan aka ɗiga. Ko da an zuba da yawa ma akwai wata matsala: bitamin C, wanda shi ne babban abin alfaharin wannan ɗan itace, yana saurin lalacewa in ya haɗu da iska ko haske ko zafi. Robar da ake buɗewa kullum ba za ta riƙe shi ba, balle man da minti ɗaya kawai yake yi a fuska a wanke. Mayukan da aka yi musamman don tabo sukan ƙunshi bitamin C kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, a kwalba mai duhu. Haka ma salisilik asid, sinadarin maganin kuraje da ake yawan ambata: gaskiya ne sitiroberi na da shi, amma ɗan mitsitsi ne idan aka kwatanta da kashi 0.5 zuwa 2 cikin ɗari da ake sawa a magungunan kuraje.

Abin da ya fi burge ni shi ne ɗan itacen kansa, wanda na mayar da cinsa al'ada a daidai wannan lokaci. A giram 100 na sitiroberi akwai bitamin C kimanin miligiram 59, ya ɗan ɗara na lemon zaƙi, alhali abin da babbar mace ke buƙata a rana bai wuce miligiram 75 ba, namiji kuma 90. Kofi guda ya kusan biya wa mutum buƙatarsa ta yini. Jiki ba ya iya ƙera kolajin, furotin ɗin da ke riƙe fata ta yi ƙarfi kuma yake taimaka wa rauni ya warke, sai da wannan bitamin, kuma ta jini yake isa can ƙarƙashin fata inda ake aikin. Jan launin nan ma daga sinadarin antosayanin yake, wanda ke cikin masu kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa. Ga bitamin folet da mata masu ciki ke buƙata, ga sinadaran manganis da fotasiyam. Kusan kashi 91 cikin ɗari nasa ruwa ne, kalori 32 kacal a giram 100, sukarinsa kuma ba ya shiga jini da gaggawa. Ni da nake son zaƙi bayan abinci, ya raba ni da alewa da biskit ba tare da na ji an hana ni wani abu ba, kuma cikina ya fi sakewa saboda faibar da ke cikinsa, wato harzar da ke taimaka wa narkewar abinci.

Ba ya ajiyuwa, wannan ne aibinsa. Ko a firij kwana kaɗan yake yi ya fara fumfuna, in kuwa aka wanke aka ajiye ya fi saurin ruɓewa. Sai za a ci ake wanke shi, a wanke sosai saboda maganin feshin gona. Wanda aka daskarar ma yana riƙe yawancin amfaninsa. Akwai kuma masu jin ƙaiƙayi a baki ko kumburin leɓe in sun ci. Irin waɗannan su guje shi, ci da shafawa duka.

Ina ganin ana yaɗa cewa a dama sitiroberi da bekin soda, hodar da ke sa fulawa ta tashi, a goge haƙori ya yi fari. Don Allah a bari. Tsamin sitiroberin na cinye ɓawon haƙori, shi kuwa ba ya sake tohowa. Masu murje shi ɗanye su shafa a fuska su ma su fara gwadawa a bayan kunne, domin ya fi fatar mutum tsami nesa ba kusa ba.

Man dai ba zan sake sayensa don tabo ba. Wadda take neman laushin fuska da ƙamshi za ta ji daɗinsa. Don tabon, zan nemi likitan fata ya zaɓa mini abin da ya dace, in haɗa da man kariya daga rana, tunda rana ce ke ƙara wa tabo duhu.