Kafin Ka Sayi Bindigar Mashi Don Farautar Manyan Kifaye a Gaɓar Durban

Duk wanda sha'awar farautar kifi da nutso ta kama a gaɓar KwaZulu-Natal ta Afirka ta Kudu, tambayarsa ta farko ɗaya ce: wace bindiga zan saya? Da ita ni ma na shiga shago a Durban. Na zuba kusan duk abin da na tanada a kan bindiga, canjin da ya rage na sayi guntuwar igiya da ɗan ƙaramin gora, wato abin da ke yawo a saman ruwa yana riƙe da igiyar. A fita ta huɗu wani ƙaton kifi da ake kira kuta ya ɗauki kibiyata ya yi ƙasa da ita, goran ya nutse, na bi shi da ido har ya ɓace a cikin shuɗin ruwa da bindigar a bayansa. Bindigar ba ta da laifi, ta yi aikinta. Abin da na ɗaura mata ne ya gaza, kuma har yau ina jin takaicin kifin da ya tafi da ƙarfe a jikinsa ya mutu a banza.

Da farko sai a san dokar ƙasa, domin ita ma tana da ta cewa a kan abin da za ka saya. A Afirka ta Kudu ba a farautar kifi da tukunyar iska a baya. Numfashi ɗaya za ka ja ka nutse, bututun shaƙar iska na saman ruwa kaɗai aka yarda da shi. Ana bukatar takardar izini daga ma'aikatar da ke kula da kamun kifi, jimillar kifin da mutum zai fita da shi a rana ba ta wuce 10, wasu nau'o'in ma ƙasa da haka, kuma haramun ne a sayar da abin da aka kama da wannan izini. Wurare irin su Aliwal Shoal, kimanin kilomita 5 cikin teku daga gaɓar garin Umkomaas, da Sodwana Bay da ke cikin gandun iSimangaliso, suna da sassan da aka hana farauta sam. Nemi taswirar sassan kafin ka biya kuɗin kwale-kwale.

Kifayen da ake nema ba masu zaman ramin dutse ba ne. Matafiya ne da ke bin Agulhas, ruwan ɗumin da ke gudana a gefen wannan gaɓa, su ratso ta gefen duwatsun ƙarƙashin teku suna farautar ƙananan kifaye. Akwai kuta, dogo mai haƙora kamar reza, wanda ya fi yawa a lokacin zafin ƙasar, daga wajen Disamba zuwa Mayu. Akwai wahu, wanda gudunsa na farko ke iya ƙone maka hannu idan igiya ta bi ta tafinka, sai tuna da sauransu. Wanda ya saba da giwan ruwa zai gane girman, amma saurin daban ne. Kuma kuta yana da laushin nama, kibiya na iya yage shi ta fita. Riƙe wannan a ranka, don shi ne tushen yawancin shawarwarin da ke tafe.

Bindigar roba ita ce ta kowa, aikinta irin na danƙon yara ne: ka ja robar ka maƙala a jikin kibiya, ka danna kunama ta tafi. Wadda ta fi karɓuwa a wannan gaɓa ita ce mai bututun alminiyam da aka yi wa kwari a sama inda kibiya ke kwanciya, irin wadda kamfanin Rob Allen ke ƙerawa a Durban ɗin kanta. Ba ta da kyan gani, amma tana jure dukan kwale-kwalen da ake turawa ta cikin raƙuman ruwa daga bakin yashi, kuma duk abin da ya lalace a jikinta za ka same shi a cikin gari a ranar. Ga mai farawa, ban ga abin da ya fi mai tsawon mita 1.2 ko 1.3 ba, da kibiya mai kaurin milimita 7 ko 7.5, da roba ɗaya mai kauri ko biyu masu milimita 16. Tana kai wa kifi a tazarar mita 4 zuwa 5. Roba biyu sun fi sauƙin ja, musamman ga wanda ƙirjinsa bai saba ba.

Kada tsawo ya ruɗe ka. Idan damina ta sauka koguna suka kwararo da laka, akwai ranakun da ba ka ganin abin da ya wuce 'yan mitoci kaɗan, kuma doguwar bindiga a irin wannan ruwa wahala ce kawai, kafin ka juya ta kifin ya wuce. A ruwa garau irin na Sodwana kuwa ido na yaudara, kifi ya yi kamar yana kusa alhali yana nesa, a nan mita 1.4 ke da amfani.

Sai mai gargare, wadda robarta ke zagayowa ta kan 'yan ƙananan tayoyi a bakin bindiga. Amfaninta na gaske ne: robar tana tura kibiya tun daga farko har bakin bututu, don haka gajeriyarta tana yin aikin doguwa, kuma ba ta dukan hannu sosai. Illarta ita ce jinkirin ɗurawa da yawan igiyoyin da ke iya sarƙewa. Garken kuta ba ya jira, idan ka kuskure harbin farko, mai bindigar roba ta gargajiya zai sake ɗurawa kana nan kana warware zare. Ina ganin ta dace da bindiga ta biyu, bayan hannu ya faɗa.

Mai matsattsiyar iska, irin ta kamfanonin Italiya kamar Mares da Cressi, tana da ƙarfi a gajeren jiki. Sai dai doguwarta tana da wuyar ɗurawa, yashi na cinye robobin da ke riƙe iskar, masu gyaranta kuma ba su da yawa a wannan gaɓa. Ba zan ba ka shawararta don manyan kifaye ba. Ita kuma babbar bindigar katako mai roba 4 ko 5, irin ta Riffe ta Amurka, an yi ta ne don tunan da ke wuce kilo 60, kamar waɗanda ake samu can cikin teku daura da Cape Point, kusa da Cape Town. Tsadarta ta ninka, nauyinta ma haka, kuma a kan duwatsun Durban ta fi ƙarfin aikin.

Bakin kibiya iri biyu ne. Akwai mai kunne ɗaya da ke buɗewa bayan ta ratsa kifi, mai arha, mai saurin cirewa. Akwai kuma mai kan da ke zarewa ya gicce a ɗaya gefen kifin, yana riƙe da siririyar waya ko zare mai ƙarfi. Na biyun ya fi riƙe nama mai laushi, kuma yana hana babban kifi lanƙwasa kibiyar, amma yana cin lokaci wajen shiryawa kuma ya fi tsada. Mafi yawan mafarautan nan da mai kunne suke kama kuta shekara da shekaru. Abin dubawa a shago shi ne kunnen: ɗaga kibiyar ka buɗe shi, ya kamata ya tsaya a buɗe, kada ya riƙa lilo.

Yanzu ga inda na yi asara, kuma inda nake roƙonka ka daɗe kana tunani. Bayan kibiya ta shiga, me ke riƙe kifin? Ko dai kwarkwaron zare da ke maƙale a ƙasan bindiga, ko doguwar igiya da ke haɗe da gora a saman ruwa. Kwarkwaro yana da daɗi, babu abin da kake ja a bayanka, ba ya sarƙewa a dutse. Amma zarensa yana da iyaka, yawanci mita 50 zuwa 60, kuma idan ya cije ko ya ƙare kana ƙasa, zaɓi biyu ne: ka saki bindiga ko kifi ya ja ka. Mutum yana ƙyashin sakin abin da ya kashe wa kuɗi, wannan ƙyashin na daƙiƙa biyar kuma yana iya zama ajali. Igiya da gora sun cire maka wannan jarrabawa. Ka harba, ka saki komai, ka hau ka sha iska, gora ya yi kokawar. Masuntan Argungu sun san darajar gora a ruwa, to nan ma haka ne, sai dai na roba ne ko na soso mai tauri. Bugu da ƙari, gora mai launin lemo da tuta shi ne ke nuna wa masu kwale-kwale cewa akwai mutum a wurin.

Igiyar ta fi zurfin da kake nutsewa tsawo, mita 30 ta wadatar a yawancin wurare, a haɗa mata guntun roba mai miƙewa don ya sha fizgar farko, kada naman kuta ya yage. Gora mai tauri ba ya fashewa kuma ba ya lotsewa idan kifi ya ja shi ƙasa. Wanda ake hurawa ya fi sauƙin ɗauka a jaka kuma ana samun babba, amma mai arharsa yana matsewa a zurfi ya rasa ƙarfin tasowa. Nawa na farko irin wannan ne. Idan wahu kake nema, ƙara gora na biyu, ka kuma koyi ɗaurin da kibiya ke rabuwa da bindiga ta tafi da igiya ita kaɗai.

Kifin shak yana nan, babu amfanin ɓoyewa. Akwai wanda mutanen wurin ke kira Zambezi, mai faɗin jiki da rashin tsoro, akwai taiga mai zane-zane, da wasu ƙanana masu yawo a garke. Masunta na kiransu masu karɓar haraji, domin kifin da ka soka suke so, ba kai ba. Abin da ke kiransu shi ne jini da shure-shuren kifi mai rauni. Saboda haka duk kayan da ke gajarta kokawa, ya kuma nisanta kifi daga jikinka, shi ne kariyarka ta farko: wuƙa mai tsini da za ka soka a ƙwaƙwalwar kifi ka kashe shi nan take, da kwale-kwale a kusa da za a jefa shi ciki. Kada ka taɓa sayen abin rataya kifi a ƙugu, ko da mai shago ya ce kowa na saye. Idan babu kwale-kwale, kifi ya rataya a gora, can ƙarshen igiya.

Na'urorin korar shak kuma ba duka ne suka cancanci kuɗinka ba. Shak yana da ƙananan ramuka a hanci da yake jin motsin lantarki da su, na'ura mai batir tana fitar da lantarkin da ke damun waɗannan ramuka. Hukumar kula da shak ta Natal ce ta fara ƙera irinta a shekarun 1990, daga baya fasahar ta koma Ostireliya da sunan Shark Shield, wanda ya zama Ocean Guardian. Samfurin masu nutso, Freedom7, ana ɗaura shi a idon sawu, da wutsiya mai kimanin mita 2 tana binka. A wani binciken da aka wallafa a 2018, masana na Jami'ar Flinders sun gwada kaya iri 5 a kan farin shak a tsibiran Neptune na Ostireliya. Samfurin Ocean Guardian na allon hawan raƙuman ruwa ya rage ɗaukar abincin tarko daga kashi 96 zuwa kashi 40 cikin 100. Awarwaron maganaɗisu da kaki mai wari da ake shafa wa allon ba su nuna wani tasirin kirki ba. Gwamnatin Yammacin Ostireliya ma a 2017 ta fara rage wa 'yan jiharta dala 200 ta ƙasar idan sun sayi na'urar da aka gwada.

Sai dai dubi kashi 40 ɗin nan da kyau, ba sifili ba ne. Wani gwajin da aka yi a Mossel Bay ta Afirka ta Kudu, aka wallafa a 2016, ya nuna shak yana juyawa ne a tazarar mita 1 da 'yan kai a zuwan farko, kuma yana ƙara matsowa idan ya sake dawowa. Ke nan na'urar tana kare ɗan kewayen jikinka ne, ba ta kare kifin da ke ƙarshen igiya ba. Tana kuma girgiza ka idan wutsiyar ta taɓa ƙafarka, kuma mai na'urar daidaita bugun zuciya ba ya sa ta. Ina sa tawa a ruwa mai duhu da bakin koguna, kuma ina ganin ta ci kuɗinta. Kafin ka biya, tambayi inda za a canja maka batir idan ya mutu. Awarwaron maganaɗisu kuwa, bar shi a kan kanta, ka sa kuɗin a maɗaurin tsayar da jini na gaske, irin mai sandar murɗawa, ka koyi ɗaura shi da hannu ɗaya. Wanda shak ya ciza a cinya ko dantse, zubar jini ce ke kashe shi kafin a kai gaɓa.

Abin da ya fi shak kashe masu nutso da numfashi ɗaya shi ne sumewa gab da saman ruwa, lokacin da iskar da ke cikin jini ta ƙare ba tare da gargaɗi ba. Babu na'urar da ke maganin wannan. Abokin tafiya ne, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama yana kallonsa, sai kuma kwas na koyon nutso, wanda kuɗinsa ya kamata ya shiga lissafinka tun kafin na bindiga. Ɗamarar dalma ta zama ta roba mai kwancewa da fizga ɗaya, kuma kada ka cika nauyi, ya zama kana iya yawo a saman ruwa ba tare da ka motsa ƙafa ba.

Sauran kayan ba sa bukatar dogon zance. Rigar ruwa mai kaurin milimita 3 ta ishi ruwan KwaZulu-Natal a yawancin shekara. Dogayen takalman iyo na roba sun isa a shekarar farko, na kabon sun fi sauƙin shuri amma suna karyewa a kan dutse. Safar hannu dole ce, saboda zare da haƙoran kuta.

Idan ta hannu za ka saya, mirgina kibiyar a kan tebur ka ga ko ta lanƙwashe, miƙe robar ka duba tsattsagewa kusa da ɗauri, girgiza bututun a kunnenka ka ji ko ruwa ya shiga. Roba da kibiya ana canja su da arha, amma kunamar da ta ci ta fara sakin kibiya da kanta, kada ka karɓa ko kyauta ce. Kuma ko mai sayarwa ya matsa maka ka gwada, ba a ɗura bindigar mashi a tudu.