Tashar ƙwallo zalla a Kumasi: akwai daɗin saurare, amma wa zai biya kuɗin dizal?

Akwai wata tasha a nan Kumasi da ta ɗau wa kanta alkawarin ba ruwanta da siyasa, ba ruwanta da sanarwar mutuwa, ita dai wasanni daga safe har dare. Ba zan kama sunanta ba, domin cikin abin da zan faɗa akwai wanda ba zai yi wa masu ita daɗi ba. Ni tela ne a unguwar Aboabo, kuma wanda ya san ɗinki ya san ido da hannu da ƙafa duk suna kan keke, kunne ne kaɗai ke zaman banza. To kunnen nan nawa ya daɗe a hannun tashar nan, har na ga ina da bakin magana a kanta.

Ranar Lahadi ita ce ranarta, kuma a wannan rana ban san wadda ta kamo ƙafarta a garin nan ba. Wasannin lig ɗin Ghana galibi ƙarfe uku ake take su, amma tun wajen biyu sun riga sun zauna a filin Baba Yara, kana jin ganguna da ƙahon 'yan Kotoko, babbar ƙungiyar garin nan, a bayan muryarsu. Babban mai sharhinsu da Tonanci, wato yaren Twi, yake yi, kuma mutumin yana da wata baiwa da ba kowa ke da ita ba: ba ya ɓatar maka da ƙwallo. Wasu masu sharhi sai su kama labarin matar koci ko motar shugaban kulob, kana zaune ka ji ihu ya tashi ba ka san ta wane gefe aka zo ba. Shi kuwa kowane numfashi zai gaya maka wa ke riƙe da ita, a wane yanki, wa ke jiran ta. In ɗan baya ya ɗauko ta daga hagu, muryarsa na ƙasa-ƙasa. Tana tsallake tsakiya sai ya fara sauri. In ta shiga cikin yadi goma sha takwas, to ni dai ɗaga ƙafa nake yi daga keke, don na san in na ci gaba allura za ta bi inda ba a aike ta ba.

Abin da ya fi burge ni ma ba wannan ba ne. Suna da yara a sauran filaye, kowa da wayarsa a hannu: ɗaya a Bibiani, ɗaya a Dormaa, ɗaya a Berekum, wani a Tarkwa, wani can Samreboi cikin dajin katako. Da an ci a wani wuri sai a katse Kumasi a ba shi rabin minti. Layin na Samreboi kusan kullum tsinkewa yake yi, sai ka ji "an ci, an ci" sannan shiru, mu a shago muna gardamar wa ya ci wa har ya sake kira. Duk da haka aikin nan shi ne aiki. Bayan Kotoko ta ɗauki lig a 2022, Medeama ce ta ɗauka a 2023, Samartex a 2024, Bibiani Gold Stars a 2025, duk ƙungiyoyin garuruwan da ba kowace tasha ke kashe kuɗin mota ta tura mutum ba. Wanda yake sauraren tashar nan bai yi mamakin ko ɗaya ba, don tun tsakiyar kaka yake jin yadda manya ke zuwa waɗannan filaye suna komawa hannu rabbana. Hutun rabin lokaci kuma yana faɗowa daidai da la'asar, mu yi salla mu dawo ba mu rasa komai ba. Wannan ba dabararsu ba ce, amma ina sa musu shi a lada.

Daga Litinin ne matsala ke farawa. Shirin safe awa uku ne ko fiye, alhali labarin da ke ciki bai wuce na minti ashirin ba. Sauran duk hayaniya: mutum huɗu a ɗaki ɗaya, kowa na so muryarsa ta danne ta ɗan'uwansa, yau a kori kocin Kotoko, gobe a ce a ba shi lokaci, jibi a dawo da wanda aka kora bara. Sai a buɗe layi, kuma mutanen nan guda nawa ne dai kullum, har na haddace muryoyinsu. Akwai wani da ke kira daga Magazin, unguwar makanikai, kana jin ƙarar guduma a bayansa, wanda duk abin da aka tattauna ƙarshensa sai ya kai ga rafali. Wata rana kuma sai ka ji an kwana ana yabon wani jami'in kulob da jiya ake zagi, yarana na shago su kalli juna su ce, "Maigida, soli ya sauka." Soli shi ne ɗan kuɗin da ake miƙa wa 'yan jarida. Ban ga an ba kowa komai ba, amma in har yaro ɗan koyon ɗinki ya fara zargin haka, tasha ta fara asarar abin da kuɗi ba ya saya mata.

Sai talla. Ka zauna ka ƙirga da kunnenka: maganin gargajiya na ƙarfin maza, giyar saiwa da suke kira bitas, sai caca, sai caca, sai caca. Mai gabatarwa yana cikin maganar Arsenal sai ya zame ba tare da ya canza murya ba ya fara gaya maka nawa za ka ci in ka zuba sidi biyar. A shagona akwai yara 'yan shekara sha shida, sha bakwai, iyayensu sun damƙa mini amanarsu. Dole in rage murya ko in murɗa zuwa wani wuri, kuma in na murɗa ba kullum nake dawowa ba. Mun dai ga inda caca ta kai ƙwallon ƙasar nan a 2021, ranar da AshantiGold ta ci Inter Allies 7 da nema, ɗan bayan Inter Allies, Hashmin Musah, ya zura biyu a ragarsu da gangan ya ce don ya ɓata wa masu haɗa baki lissafi ne. A 2022 aka jefa ƙungiyoyin biyu rukuni na uku. Tashar da kamfanonin caca ke ciyar da ita, da wane baki za ta bi diddigin irin wannan?

Amma kuma in na yi musu adalci, su wa za su ba su talla in ba waɗannan ba? Nan ne nake jin tsoron makomarsu.

Kafin 1995 muryar GBC, gidan rediyon gwamnati, kaɗai muke da ita, a kanta kowa ke taruwa. Joy FM ta buɗe a Accra a shekarar, daga nan ƙofa ta buɗu. Yau ka murɗa rediyo a Kumasi, ba ka matsa da yatsa ba ka faɗa wata tasha: Kessben a 93.3, Angel a 96.1, Luv a 99.5, Nhyira a 104.5, ga Hello, ga Fox, ga Otec, ga Akoma, ga Oyerepa, ga Pure, ga Wontumi. Kusan kowacce tana da shirin wasanni mai ƙarfi, don a garin nan in ba ka maganar Kotoko ba wanda zai san kana raye. Wato abin da tasharmu ke sayarwa shi kaɗai, maƙwabtanta suna ba da shi gyara a kan siyasa da labarai da waƙa. Kuma dubi masu su. Luv da Nhyira na Multimedia ne, Hello ta gidan Despite ce, Akoma ta masu TV3 ce, mai Angel shi ne mai kamfanin bitas na Adonko. Irin waɗannan in rediyo bai kawo riba wannan wata ba, akwai wani aljihu da za a zaro. In suka ga wani yaro ya yi suna a ƙaramar tasha, albashi kawai za su ninka masa, wani lokaci har da mota, washegari ka ji shi a wata mita, masu saurare kuma su kwashe su bi shi. Mutanen Kumasi murya suke bi, ba lamba ba. Ranar da aka ɗauke mai sharhin nan na Lahadi, ni kaina ban yi alkawarin zama ba.

Ga kuɗin wuta, ga dizal na janareta duk lokacin da aka ɗauke, ga lasisi. A 2017 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCA, ta hukunta tashoshi 131 a faɗin ƙasa kan batun lasisi, wasu tara, wasu rufewa. Wannan kuɗi ba ya jiran a fara kaka. Tashar wasanni zalla kamar tela ne da bai iya komai ba sai kaftanin salla: azumi ba barci, bayan salla sai korar ƙuda. Lig na ƙarewa wajen Yuni, Turai ma ta tafi hutu, sai a bar ka da jita-jitar saye da sayarwa har Agusta. Kuma mun taɓa ganin fari mai tsawo. A Yunin 2018 Anas Aremeyaw Anas ya fito da bincikensa na Number 12 kan cin hanci a ƙwallo, aka rushe shugabancin hukumar ƙwallo, lig ya tsaya. Bai dawo ba sai Disambar 2019, bai yi wata huɗu ba korona ta sake tsayar da shi. Tasha mai siyasa ta ci gaba da harkarta. Mai ƙwallo kaɗai da me za ta cika awa goma sha takwas?

Waya kuma ta gama da sauran. Yarana ba sa jiran kowa ya gaya musu ɗan wasanmu Mohammed Kudus ya ci, kafin mai rediyo ya gama ihu sun riga sun ga bidiyon sau biyu a WhatsApp. Gani ya kori ji. Ranar Asabar gidajen kallo na Aboabo da Sawaba cike suke maƙil da masu rigar Chelsea da Madrid, washegari kuma filin Baba Yara mai cin mutum wajen 40,000 sai ka ji amon muryar mai sharhi na dawowa daga kujerun da ba kowa, in ba Hearts ta Accra, babbar abokiyar hamayyar Kotoko, ce ta zo ba. Duk awar da tashar nan ta kashe tana sharhin wasan Ingila daga talabijin ɗin ɗakinta, a wurina awa ce da ta zubar.

Hasashena shi ne ba za ta mutu ba, tashoshin Kumasi ba su cika mutuwa ba, rikiɗa suke yi. Za a fara da sayar wa wani fasto tsakar dare. Daga nan mai maganin gargajiya ya sayi awa guda da hantsi. Zaɓe na ƙaratowa wani ɗan siyasa ya sayi yamma, a ce na ɗan lokaci ne. Kafin ka farga wasanni sun koma safe da Lahadi, ta zama ɗaya cikin taro. Ɗaya hanyar ita ce wani kamfanin caca ya saye ta ɗungurungum, tunda harajin kashi 10 cikin 100 da aka ɗora kan abin da ɗan caca ya ci a 2023 an soke shi a 2025, kasuwarsu ta ƙara buɗewa. In haka ta faru kuɗin dizal ya samu, amma a shagona dai an kashe ta ke nan.

Abin da ke ba ni haushi shi ne akwai kasuwa a bayan gidansu da ba su leƙa ba. Zuria FM a 88.7 ta nuna cewa in ka yi Hausa a Kumasi akwai masu ji. Zango kuwa shi ya goya ƙwallon ƙasar nan. Filin da suke zama kowace Lahadi sunan Baba Yara yake ɗauke da shi. Ibrahim Sunday ya zama gwarzon Afirka a 1971 yana Kotoko, Abdul Razak ya biyo shi a 1978. Mohammed Polo da Kudus duk Nima, zangon Accra, ta fito da su. King Faisal ta Alhaji Grusah tamu ce, ta kai wasan ƙarshe na kofin FA a 2023 a kakar da ta faɗi daga lig, tun daga lokacin kuma sai ka yi da gaske kafin ka ji sakamakonta a iska. Ga ƙwallon yara na kolts a filayen jar ƙasa, ga gasar gala da unguwanni ke yi lokacin salla, inda mutum ba ya samun wurin tsayawa. Waɗannan babu su a waya, babu su a DStv, babu wata babbar tasha da za ta sunkuya ta ɗauka. Uwar da aka ambaci sunan ɗanta a rediyo sau ɗaya, ita da 'yan gidansu sun zama naka.

Kwanakin baya wani yaro daga sashen tallarsu ya biyo layinmu shago-shago, ɗan Asawase ne, Hausa a bakinsa tas. Ya gaishe ni ya ce, "Baba, ko za ka sa mana ɗan talla kafin salla?" Na ce, "Ɗana, a saka ni tsakanin bitas da caca? Alhazan da nake wa ɗinki su ji sunana a nan?" Ya yi dariya ya sunkuyar da kai. Na ce masa su ware awa ɗaya rak da Hausa, Asabar da safe, King Faisal da kolts da gala, ba caca ba giya a cikinta, ni zan fara sa talla, kuma zan yi wa masu yadi na kasuwar Alabar da masu waakye da masu kai mutane Hajji magana da bakina. Ya ce, "Wallahi Baba na sha faɗa, manya gani suke ba kuɗi a Zango." Na ce ya kawo manyan Alabar ranar jajibiri su tsaya minti goma. Ya rubuta wani abu a littafinsa, ya karɓi lambata, ya wuce shagon mai aski.