Ƙarfen haɗa shasi na walda ko na noti? Amsa ga mai Mustang 1967

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sanya alheri a wannan Mustang ɗin taka. Ka tambaya wane sabfirem konekta, wato ƙarfen da ke haɗa shasin gaba da na baya, za ka sa wa motarka ta 1967, na walda ko na ɗaurawa da noti, toh na walda za ka sa. Duka biyun na sa su a mota ɗaya, tawa 1968 ce mai rufin ƙarfe, injin 302, a nan Texas nake da ita, shi ya sa nake gaya maka kai tsaye.

Ka ga ita Mustang ta wancan lokacin ba ta da cikakken shasi daga gaba har baya irin na Hilux ko Chevelle ko GTO. Guntun shasi ne a gaba inda injin yake zaune, wani guntun a baya wajen sifirin, tsakaninsu kuwa ba komai sai falan ƙarfen da kake taka ƙafa a kai da ƙarfen ƙasan ƙofofi, toh wannan falan ne yake shan duk murɗiyar da injin da hanya suke yi wa motar, yau shekara hamsin da ɗoriya. Ƙarfen haɗin nan aikinsa kawai ya ɗinke guntun gaba da na baya su zama abu guda.

Na notin shi na fara saya saboda araha kuma a ƙofar gida na ɗaura shi da kaina cikin yini ɗaya, wannan kam ba a hana shi ba. Amma kafin shekara ramukan da na huda sun buɗe sun zama kamar ƙwai, jan garin tsatsa yana zubowa ta gefen notin, ƙarar da bodin yake yi ta dawo. Ka ɗaure yau, bayan wata biyu ya saki. Iyakarsa kenan.

Na walda kuwa wallahi ba zan manta ranar da na karɓo motar ba. Da can idan na sa jak a gaba ɓangaren direba na ɗaga, ƙofa ba ta rufuwa sai na bugo ta da ƙarfi, kuma gidana shigarsa da ɗan tudu ne, duk sanda na shigo a karkace sai ka ji ƙiii ƙaƙaƙ daga bayan kujera kamar tsohon gadon ƙarfe. Ranar nan da na dawo daga wajen mai walda na hau tudun nan a hankali da gilas a sauke ina sauraro, shiru. Na koma da baya na sake hawa, shiru. Na fito na sa jak a daidai inda na saba sawa, na ɗaga har taya ta bar ƙasa, na tura ƙofa da yatsa biyu ta rufe kif. Maiɗakina tana tsaye a bakin gareji tana tambaya ko lafiya nake ta buɗe ƙofa ina rufewa. A kan hanya ma idan ka karya kwana bayan motar yana bin gabanta lokaci ɗaya, da can sai gaba ya juya sannan ka ji baya yana biyowa daga baya. Shekara shida kenan ban sake taɓa wajen ba.

Dalilin kuma a fili yake, noti a wuri biyu ko uku kawai yake riƙe ƙarfe, kuma ƙarfen shasin Mustang ba kauri ne da shi ba, motsi kaɗan kaɗan yana cin ramin. Walda kuwa ta bi jikin ƙarfen ta haɗe su, ba inda zai yi wasa.

Amma fa walda idan aka yi ta ba daidai ba ta fi noti illa, a nan nake so ka natsu. Dole motar tana tsaye a kan tayoyinta huɗu da nauyinta a kansu za a yi aikin, a kan lif ɗin da ake hawa da taya ko a kan rami. Idan aka ɗaga ta a irin lif mai hannu biyu da yake tallafo ta ta ciki tayoyi na lilo, bodin ya riga ya lanƙwashe, aka yi walda a haka shikenan an daskarar da ita a karkace, ƙofofinka ba za su sake zama daidai ba sai an yanke. Kafin ya kunna injin walda ka buɗe ƙofofin nan biyu ka rufe, ka duba tazarar da ke tsakanin ƙofa da bodi, a tsakiyar aiki ma ka sake dubawa. A cire kan batir, a ɗage kafet da soson da ke ƙarƙashinsa don zafi yana ratsa falan ya kama wuta ta ciki kai kana ƙasa ba ka sani ba, sannan bututun fetur da na burki suna bin ƙasan motar ne, a kauce da su ko a kare su. A goge wajen har sai farin ƙarfe ya fito, bayan an gama a shafe da fenti, in ba haka ba damina ɗaya tsatsa za ta kama layin waldar.

Wani abu kuma tunda taka 1967 ce. Akwai wani akwatin ƙarfe a bayan tayar gaba da suke ce wa tok boks, shi yake haɗa shasin gaba da ƙarfen ƙasan ƙofa. Masu rufin ƙarfe na 1967 ɓangaren direba kawai Ford ya sa musu, sai a 1968 aka sa duka biyun. Tunda mota za ta hau wajen mai walda ka sayi na ɓangaren fasinja a sa maka gaba ɗaya.

Ba ka tambaye ni wannan ba amma sai na faɗa. Ka yi hattara da masu sayar da kayan nan a intanet da ba su rubuta kaurin ƙarfe ba, hoto mai kyau baƙin fenti na sheƙi, ya iso ka ɗaga shi kamar ƙafar kujerar makaranta. Masu kyau kaurin bangon bututun yakan kai inci 0.120, ka tambaya, wanda ya fara kame-kame ka bar masa kayansa. Haka su ma masu sayar da motocin, sai su fesa baƙin kwalta a ƙasan mota su rufe ruɓa. Ka ɗauki sukundireba ka shiga ƙarƙashi ka soki ƙarshen shasin gaba da na baya inda ƙarfen zai zauna, idan ya lotsa ko ya ɓurma to ba konekta kake bukata yanzu ba, sai an yanke wajen an sa sabon ƙarfe tukuna, walda ba ta zama a kan ƙarfe mai tsatsa.

Ka sayi na walda mai tsawo wanda ya kai har wajen da sifirin na baya yake ɗaure, ka nemi mai walda da ya taɓa yi wa irin motar nan. In ka shiga ƙarƙashin ka ɗauko hoton shasin baya ka turo min in gani kafin ka biya kuɗin komai.