Makarantar sojoji ta Saint-Louis a idon wani uba daga Maraɗi

Makarantar Prytanée Militaire da ke Saint-Louis a ƙasar Senegal an kafa ta ne a 1923, bayan Yaƙin Duniya na Farko, domin karantar da 'ya'yan sojojin Afirka da suka yi wa Faransa aiki. A yau tana ɗauke da sunan Kyaftin Charles N'Tchoréré, ɗan Gabon da ya taɓa shugabantarta, wanda sojojin Jamus suka kashe a 1940. Marigayi Janar Seyni Kountché yana cikin 'yan Nijar da suka yi karatu a can.

Ɗana ya shiga ta ne bayan jarrabawar tantancewa mai tsanani, kuma abin da ya fi gamsar da ni shi ne yadda horon soja bai danne karatun aji ba. Ana tashi da asuba, ana fareti, amma lissafi da kimiyya da Faransanci su ne ke cin mafi yawan lokacin ɗalibi, shi ya sa sunan makarantar ke yawan fitowa a gasar ɗalibai ta ƙasa da ake kira Concours général. Yaro yana zama ɗaki ɗaya da takwarorinsa daga ƙasashen Afirka dabam-dabam, har ya dawo hutu yana jin Wolof, harshen da aka fi yi a Senegal.

Nisan ne abin dubawa. Daga Maraɗi sai an yi tafiyar fiye da kilomita 600 zuwa Yamai kafin a fara maganar jirgin Dakar, kuma yaron da bai wuce shekara 12 ba zai yi azumi da Sallah nesa da mahaifiyarsa. Ina ba iyaye shawara su nemi amintaccen mariƙi a Senegal tun kafin yaro ya tashi.