Hattara da mai tallan "canji zuwa babban akwatin teku"

Assalamu alaikum jama'a. Masu kiwon kifin ado a Garwa ba mu da yawa, masu riƙe da na ruwan gishiri kuwa da yatsu ake ƙirga mu, shi ya sa labari ba ya kwana bai zagaya ba. Akwai wani mutum, ko in ce wasu mutane, don ba murya ɗaya ke ɗaga wayar ba, da ke bin masu ƙananan akwatunan kifin teku yana yi musu tayin "canji zuwa babba". Ya ci kuɗin mutane a nan Garwa, ya taɓa wani a Marwa, yanzu kuma tallan ya fara shiga wayoyin 'yan uwanmu na Kusuri da Njamena. Ba zan sa suna ko lamba ba. Sunan da yake bayarwa na aro ne, layin waya kuwa yana yar da shi da zarar ciniki ya faɗa. Salon aikin ne bai taɓa sauyawa ba, shi zan zayyana muku.

Yakan fara da hotuna a Facebook, daga nan ya ja ka WhatsApp. Ya ce yana Duwala, kaya sun sauka, akwai akwatin gilashi mai cin lita 600 da teburinsa, da fitila, da famfo, da gishiri, da murjani mai rai, da kifaye, duk a farashi ɗaya da bai kai rabin na gaskiya ba. Zai aiko yaronsa ya haɗa maka, ka kwana da teku a falonka a ranar. Sharaɗi biyu ne kawai: ka tura kafin alƙalami ta Orange Money ko MoMo, sannan ya karɓi tsohon akwatinka da duwatsun ciki "a rage maka kuɗi".

Tun daga awon ma maganar ta karye. A tallan ya rubuta tsawo santimita 120, faɗi 50, tsayi 60. Ɗauki wayarka ka ninka ukun, ka raba da 1000: lita 360 ke nan, kuma sai an cika shi har baki, babu dutse babu yashi. Ina sauran 240 ɗin? Wanda bai iya faɗin gaskiya a kan abin da igiyar awo za ta tona ba, ina ga abin da ke cikin ruwa?

Sai batun haɗawa a yini guda. Duk wanda ya taɓa tayar da akwatin teku daga farko ya san sabon ruwa ba ya ɗaukar rai nan take. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, wadda guba ce. Wasu ƙwayoyin bakteriya ne ke mayar da ita nitirit, wasu kuma su mayar da nitirit ɗin nitiret mai sauƙin illa, kuma kafin su yawaita a sabon akwati ana shafe mako 4 zuwa 6. A cikin ramukan dutse da yashi suke zama. Akwai hanyar da ke gajarta wannan jira ga mai ƙaura daga ƙarami zuwa babba: ya ɗauki tsofaffin duwatsunsa a jiƙe, ya tsoma su cikin sabon akwati, ya bi da kifayensa na da, bai ƙara ko ɗaya ba sai ruwa ya zauna. Ka ga ke nan duwatsun nan su ne jarin gidan gaba ɗaya. Su ne kuma mutumin ke cewa a ba shi.

A nan ne ya fi ba ni haushi. Ɗan damfarar da bai san kifi ba, kuɗi kawai zai nema. Wannan ya san darajar dutsen da ya shekara a ruwa, wanda ya yi jirwayen nan masu launin shanshanbale a jikinsa, ya kuma san akwai mai saye. Yana kwashe shi, ya bar ka da kifi a bokiti, babu inda za ka mayar da su in babban akwatin bai zo ba.

Ga mafi yawan waɗanda ya taɓa kuwa, bai zo ɗin ba. Bayan kuɗin farko sai saƙonni su fara. Yau kaya na tashar jirgin ƙasa a Yawunde, ana neman kuɗin inshora, "za a mayar maka in an sauke". Gobe sun iso Ngawundare amma sai an saya wa kifin akwatin sanyi. Jibi wani ya kira da wata lamba, ya ce shi ma'aikacin kamfanin jigila ne, 'yan duwan sun riƙe kaya, in ba a biya kafin la'asar ba kifi za su mutu kuma a kanka laifin yake. Tausayin kifin da tsoron asarar abin da ka riga ka tura su ke sa hannu ya sake komawa aljihu. Ka tambayi kanka, wane kuɗin fito ake biya wa kayan da aka ce sun riga sun shigo ƙasa, suna tafiya daga Duwala zuwa Garwa?

Mutum ɗaya na sani da aka kawo wa kaya, wani dattijo da nake girmamawa, kuma ina ga an kawo masa ne don a yi amfani da hoton falonsa a ja wasu. Ya kira ni da magariba.

"Ɗana, zo ka duba mini, ruwan nan ya yi fari, kifin kuma sai haki suke a sama."

Da na shiga, fitilar shuɗiya ce kaɗai a kunne. Na ce, "Baba Alhaji, a yi haƙuri a kunna mana farar wuta." Ƙarƙashin shuɗin haske kusan komai ƙyalli yake yi, shi ya sa duk hotunan mutumin shuɗaye ne. Farar wuta na kamawa sai ga gaskiya. Na sa hannu na ɗago reshen murjani ɗaya, kore shar da jan baki. Murjani mai rai dabba ce: yana da siririn nama a kan ƙashinsa, yana da santsi, kana taɓa shi ƙananan bakunansa za su noƙe, ka fito da shi ka ji ƙarnin teku. Wannan kuwa garau yake kamar tsohon ƙashin da rana ta gasa. Na kankare shi da farce, koren ya biyo farcen, farin alli ya bayyana a ƙasa. Na kai hanci, warin fenti.

Alhaji ya daɗe yana kallon farcena, sannan ya ce, "To kifin fa?"

Kifin ma ba na teku ba ne. Masu launin rawaya da shuɗi ne irin na Tafkin Malawi, dangin gargaza, kifin ruwan daɗi masu kyan gani da ake samu a shagunan kifin ado cikin sauƙi. An jefa su ruwan gishiri suna shan azaba. Muka kwashe su zuwa baho da ruwan daɗi a daren, wasu suka rayu. Nasa na asali, waɗanda ya shekara yana lallaɓawa, an zuba su tare a sabon ruwan da babu dutse mai rai ko ɗaya, ba su kai ƙarshen mako ba.

Gishirin da aka bar masa ɗan buhu ne mai kilo 5, babu tambari, na ɗanɗana na ji gishirin miya ne. Ruwan teku yana ɗauke da kusan giram 35 na gishiri a kowace lita, a ma'aunin nauyin ruwan gishiri na masu kiwo 1.025 zuwa 1.026. Lita 360 za ta ci wajen kilo 13. Kuma ko an cika kilon, na kasuwa ba ya yi. Gishirin akwatin teku haɗi ne na musamman mai kalsiyam da magnesiyam da abin da ke riƙe daidaiton ruwa, da su murjani ke gina ƙashinsa. Ruwan haɗawar ma sai wanda ya bi ta matatar osmosis, wato na'urar da ke tace ruwa ta cire abubuwan da suka narke a cikinsa. Yaron da aka aiko tiyo ya jawo daga famfon tsakar gida.

Abin da ya sa na ce a kwashe ruwan tun a daren shi ne gilashin. Na miƙa zare daga kusurwa zuwa kusurwa a gaban akwatin, sai ga tsakiyar gilashin ta turo waje ta taɓa zaren har ta lanƙwasa shi. Gilashin taga ne mai kaurin milimita 6, babu maɗauri a sama. Akwati mai tsayin santimita 60 da tsawon 120 yana son milimita 10 zuwa 12, da maɗaurin gilashi a bakinsa. Ruwan kaɗai ya haura kilo 350, in ka haɗa da gilashi da yashi da duwatsu an doshi rabin tan. Jikokin Alhaji a ƙarƙashinsa suke zama suna kallo, ga soket ɗin wuta a gindin bango.

Akwai ƙaryar da yake yi wadda ke shiga kunnen mutane sosai, don tana da daɗin ji: wai kayansa na gida ne, masunta ke ciro masa murjani da kifi a Kiribi da Limbe, shi ya sa suke araha. Gaɓar tekunmu ba ta da irin wannan murjanin. Manyan koguna irin su Sanaga da Wuri suna kwararo ruwan daɗi da laka, murjani mai gina tsauni kuwa yana son ruwa garau mai gishiri tsayayye. Masu launin nan da ake gani a hotuna daga Indonesiya da Ostareliya da makamantansu ake fito da su. Ɗan kifin nan mai ruwan lemo da fararen ratsi, wanda masu shago ke kira poisson-clown, babu shi a Tekun Atlantika sam. Gidansa Tekun Indiya da Fasifik da Bahar Maliya. Duk wanda ya ce maka a Kiribi aka kamo shi, ka rufe wayarka.

Kuma murjani mai ƙashi ba a tsallake iyaka da shi haka kawai. Yana cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES ta kula da cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, wadda Kamaru da Chadi duk suna cikinta, sai da takardar izinin fitarwa daga ƙasar da ya fito. Mai shigo da kaya na gaskiya yana da kwafin takardarsa, ba ya jin nauyin nunawa. 'Yan uwa na Njamena, ku da za a ce za a haye muku da shi ta gadar Ngeli, wannan ya fi shafar ku. Da aka tambayi mutumin takarda, cewa ya yi "tana wurin patron", daga nan ya daina amsawa.

Ni dai abin da na fi gane shi da shi, abin da bai taɓa ambata ba ne. A duk jerin kayansa babu na'urar sanyaya ruwa. Murjani yana son ruwa tsakanin digiri 24 zuwa 27. In ya daɗe a 30 ko sama, sai ya fitar da ƙananan tsiran da ke zaune cikin namansa suna ciyar da shi, ya yi fari fat, in zafin bai sauka ba ya mutu. Mu kuwa a Maris da Afrilu mun san yadda Garwa take, 40 ake wucewa, Marwa da Njamena ma haka. Ƙara da ɗauke wuta: famfo na tsayawa, iskar cikin ruwa ta fara ƙarewa, ruwan ɗumi kuma dama ba ya riƙe iska sosai, cikin 'yan sa'o'i kifi sun fara kifewa. Mai sayarwa na ƙwarai, da ya ji ka ce arewa kake, kafin ya faɗi farashi zai tambaye ka ko ɗakin na da na'urar sanyi, ko kana da batir da sola ko janareto. Girman akwati yana taimakawa, don ruwa mai yawa ba ya saurin ɗaukar zafi, amma kuɗin sanyaya shi da gishirin canjin ruwa su ma girma suke yi. A lokacin hunturu kuma ruwa na tsotsewa da sauri, kullum sai ka cike gurbin da tataccen ruwa marar gishiri. Mutumin nan ko ɗaya bai taɓo ba, don ba shi da niyyar ganin kifinka sun kai wata.

Ba ina hana kowa faɗaɗawa ba ne, ni ma burina ke nan. Amma a raba sayayyar. Akwati daban, ka gan shi da idonka ko wani naka da ke Duwala ko Yawunde ya je ya auna kaurin gilashin, a cika shi da ruwan famfo a tsakar gida ya kwana biyu kafin ya shiga ɗaki. A tambayi irin silikon ɗin da aka liƙa shi da shi, don na banɗaki mai maganin fumfuna yana kashe kifi. In na hannu ne, a tambaya ko an taɓa zuba maganin kifi mai jan ƙarfe a ciki, murjani ba ya jure shi ko kaɗan. Masu rai su ne ƙarshen saye. Kafin ka tura ko dala, ka ce a yi kiran bidiyo kai tsaye, farar wuta a kunne, ya rubuta sunanka da kwanan wata a takarda ya manna jikin gilashin, ya taɓa murjanin ka ga ya motsa. Mutuminmu kullum a nan "rezo" ɗinsa, wato layin sadarwa, ke lalacewa. Tsohon akwatinka da duwatsunsa kuma kada su bar gidanka sai sabon ya zauna daram.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, kada ya ƙara ko sisi da sunan ceto na baya, kuma kada kunya ta sa ya goge hirar. A ɗauki hoton saƙonnin, da lambobin da aka tura wa kuɗi, da lambar shaidar kowace turawa. A je ofishin kamfanin wayar a shigar da ƙorafi da wuri, sannan a kai ƙara wurin 'yan sanda ko jandarma. Zamba laifi ce a sashe na 318 na kundin hukunta laifuka na Kamaru, akwai kuma dokar 2010 kan laifukan intanet, hukumar ANTIC mai kula da fasahar sadarwa ma tana karɓar irin wannan rahoto. In kun kai biyu ko uku, ku tafi tare, an fi saurarar ƙarar da ke da lambobi da yawa masu nuna hannu ɗaya.

In kuma an riga an kwashe maka duwatsu, kifinka na bokiti, kada ka zuba su a sabon ruwa. Ka sa musu famfon iska, ka rage abinci, ka yi mana magana. Cikinmu akwai masu wurin da za su riƙe maka su, akwai kuma mai iya ba ka aron dutse ɗaya ko biyu ka tayar da ruwanka.